An ba mu wata tara mu kwashe manhajojin hukumarmu zuwa gajimare, ta ina ake farawa?

Mai Ɗakin Saba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan ruwa. Ni ke riƙe da sashen kwamfuta a wata hukumar gwamnati, mu biyar ne har da ni. Makon jiya takarda ta sauko daga sama cewa a kwashe duk manhajojinmu daga sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da su, da ke ginin ofis a mayar da su gajimare, wato kilawud, inda ake hayar sabobin kamfani ta intanet, cikin wata tara. Sakin layi biyu ne takardar. Babu maganar kuɗi, babu maganar wanda zai yi aikin.

Na zauna zan rubuta jerin abin da muke da shi, da ka na lissafa 23. Da na ɗauki biro da takarda na zagaya ofisoshi sai ga 38, kuma ban gama hawa na uku ba. A ofishin albashi na tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, an manna mata takarda da salatif an rubuta KADA A KASHE. Na tambaya me take yi, kowa ya ce shi ma haka ya zo ya same ta.

Ɗan Gajimare:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Ni dai murna na taya ka. Ka rabu da kukan AC ya mutu, batiri ya kumbura, faifai ya cika. Akwai kayan aiki a AWS da Azure, gajimaren Amazon da na Microsoft, da ke ɗaukar hoton saba ɗungurungum su ajiye maka ita a can yadda take. In intanet ɗinku mai ƙarfi ne, wata uku ya ishe ka, sauran shida ka huta.

Baba Injiniya:
Ɗana, wata uku zai ishe shi ya kwashe matsalolinsa ya kai su inda ake biyan haya duk awa. Mai Ɗakin Saba, ka manta da gajimare tukuna. Wannan kwamfutar ta ƙarƙashin tebur ita ce aikinka na farko.

Bari in ba ka labarin tamu. Kafin in yi ritaya mun tashi manhajar rajista daga tsohuwar saba zuwa sabuwa, komai ya tafi lafiya, aka yi tafi. Ranar ɗaya ga wata sai ga shugaban sashen kuɗi a ƙofata, fuska a murtuke, wai rahoton da yake tarar a firintarsa kowane wata shekara da shekaru bai fito ba. Muka bincika kwana uku. Ashe wani bawan Allah da ya bar aiki tun tuni ya rubuta 'yan layuka da ke tashi ƙarfe biyu na dare su jawo bayanai daga saba, kuma ya rubuta adireshin tsohuwar sabar ne da lamba a cikin layukan. Babu wannan a kowace takarda. Mutumin ne takardar, kuma ya tafi da abarsa a ka.

Saboda haka kowace manhaja ka tambaye ta abu huɗu: wa ke amfani da ke, da wa kike magana, wa ya mallake ki, me zai faru in kin tsaya kwana biyu. Ta biyun ce mai wuya. Kar ka dogara da bakin mutane, ka sa abin sauraro a kan netwok na wata ɗaya cur, har da ƙarshen wata, ka ga wace na'ura ke kiran wace. Za ka sha mamaki.

Mai Ɗakin Saba:
Na gode Baba. To ita KADA A KASHE fa? Hannuna har ƙaiƙayi yake.

Baba Injiniya:
Kar ka kashe ta. Tsohon faifai in ya huce ba lallai ya sake tashi ba. Ka kwafe ta tana kunne, sannan wata ranar da ba ƙarshen wata ba ka zare mata wayar netwok kawai, ka koma ofis ka zauna kusa da waya. Wanda ya fara kira yana faɗa, shi ne mai ita.

Hajiya Akanta:
Baba ya faɗi nasa, ni bari in faɗi inda ta ci mu, domin ku mutanen kwamfuta ba kwa tunawa da mu sai takardar biya ta zo. Saba da ka saya, sau ɗaya ake fitar da kuɗinta daga kason manyan ayyuka. Ko kasafin baɗi ya makara tana nan tana aiki, ba ruwanta. Gajimare kuwa haya ce, tana faɗawa cikin kuɗin yau da kullum, kuma wannan kason shi ake fara datsewa in gwamnati ta ji jiki. Ranar da aka ce kuɗi ba su sauko ba wata biyu, wa zai je ya yi wa kamfani bayanin cewa ana jiran sa hannu?

Mu abin da ya faru, yaranmu sun kunna manyan injuna na gwaji ranar Alhamis, suka manta da su. Mita na ta juyawa dare da rana. Sai da takardar wata ta zo ninki uku na abin da muka tsara, ni aka kira ofishin shugaba, ba su ba. Tun daga ranar na sa doka: duk abin da aka kunna a can sai an liƙa masa sunan sashe da sunan mutum, kuma akwai ƙararrawa da ke shigowa wayata in an ci rabin kuɗin wata.

Ɗan Gajimare:
Hajiya ai wannan sakaci ne na ma'aikata, ba laifin gajimare ba.

Hajiya Akanta:
Ban ce laifinsa ba ne ƙanena. Na ce sakacin da a da ba ya cin ko sisi yanzu yana ci. Kuma kai da kake cewa a ɗauki saba yadda take a kai can, ka san yawancin sabobin gwamnati an saye su da girman da ya fi buƙata, saboda ba a san ranar da za a sake samun kuɗin saye ba. Ka kwafi wannan girman ka je kana biyan hayar ɗakuna goma kana kwana a ɗaya.

Mai Bin Diddigi:
Abin da ake faɗa a nan manyan ƙasashe ma sun bi ta kansa. A Disambar 2010 Amurka ta fito da manufar da suka kira Cloud First, lokacin Vivek Kundra ne babban jami'in fasahar bayanai na gwamnatin Obama. Aka ce kowace hukuma ta zaɓi ayyuka uku, ta kai ɗaya gajimare cikin wata 12, sauran biyun cikin wata 18. Ka lura, uku aka ce, ba duka ba, kuma Amurka ce. A 2019 suka sauya mata suna zuwa Cloud Smart, suka ɗora ta a kan tsaro da yadda ake sayen kaya da horar da ma'aikata, suka kuma nemi hukumomi su tace manhajojinsu su ga wacce ma ta cancanci a ci gaba da riƙewa. Birtaniya ta buɗe tsarin saye na G-Cloud a 2012, ta ayyana tata manufar gajimare-farko a 2013. Ko ita ba ta ce dole ba, cewa ta yi a fara duba gajimare, in za ka bi wata hanya ka kawo hujja.

Don haka in ni ne kai, zan mayar da amsar takardar da jeri mai rukuni. Waɗanda za a binne, domin a cikin 38 ɗin nan na tabbata akwai waɗanda ba mai buɗe su. Waɗanda za a daina riƙewa a yi hayar gamammu, irin su imel da ajiyar fayil. Waɗanda za a ɗauka yadda suke. Waɗanda sai an yi musu tiyata. Da waɗanda za su zauna a gida tukuna.

Kifin Rijiya:
Ni fa duk wannan bai kwanta mini ba. Bayanan 'yan ƙasa, albashinsu, harajinsu, lafiyarsu, a ɗauka a damƙa wa kamfanin wata ƙasa? Gajimare suna ne kawai mai daɗi, kwamfutar wani ce a gidan wani. Kayanka a ɗakinka ya fi, ko da ɗakin na yoyo.

Barista:
Malam Kifi yana da gaskiya rabi, kuma rabin mai nauyi ne. Mutane na ɗauka in kamfani ya ce bayananku na ajiye a cikin ƙasarku shi ke nan. A'a. A 2013 hukumomin Amurka sun nemi Microsoft ya miƙa wasu saƙonnin imel da ke ajiye a Dublin, kamfanin ya ƙi, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli. Kafin a yanke hukunci majalisa ta zartar da dokar CLOUD Act a Maris 2018, wadda ta ce kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Amurka zai miƙa bayanan da ke hannunsa in an bi ƙa'ida an nema, ko ina suke ajiye a duniya. Tambayar lauya ke nan guda biyu: ina kayan suke, kuma dokar wa ke hawa kan mai riƙe da su. Turawan Yurof ma abin na damunsu, shi ya sa a Yulin 2020 babbar kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar Privacy Shield da ke ba da damar kai bayanai Amurka.

Abin yi shi ne a raba bayanai daraja-daraja. Shafin hukuma da sanarwar neman aiki ba sirri ba ne, ko a ina aka ajiye su. Rumbun bayanan lafiya da na tsaro kuwa sai an duba dokar ƙasarku da kyau, kuma a kulle su da makullin da ke hannunku.

Malama Tsaro:
Barista ka bar ɗaya rabin, bari in cike wa Malam Kifi. Kayanka a ɗakinka yana da kyau har ranar da ɗakin ya kama da wuta. A Satumban 2025 batiri ya kama wuta a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya. Abin da ya fi ciwo, wani rumbu da ma'aikata ke ajiye fayilolinsu mai suna G-Drive ya ƙone babu kwafi a wani wuri. Nasu ne na kansu, a ƙasarsu, a ginin gwamnati.

Ukraine kuwa dokarta a da ta hana a fitar da bayanan gwamnati daga sabobin cikin ƙasa. Kimanin mako guda kafin Rasha ta shigo a ranar 24 ga Fabrairun 2022 majalisa ta sauya dokar, aka riƙa loda bayanai a akwatunan ajiyar bayanai na AWS masu suna Snowball ana fitar da su. Estoniya, wadda ta sha harin intanet a 2007, ta ƙulla yarjejeniya da Luksamburg a 2017 ta ajiye kwafin muhimman rumbunanta a can, da kariya irin ta ofishin jakadanci. Su a wajensu ikon ƙasa shi ne gwamnati ta ci gaba da aiki ko an rushe ginin.

Kifin Rijiya:
To Malama, shi gajimaren ba ya ƙonewa ke nan?

Malama Tsaro:
Yana ƙonewa mana. A Maris 2021 cibiyar kamfanin gajimare na OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa ta ƙone, waɗanda kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da asalin suka yi asarar duka biyun. A Mayun 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge tsarin UniSuper, wani asusun fansho na Ostareliya mai mambobi sama da 600,000, ya fi mako guda ba sa iya shiga. Cikin abin da ya cece su har da kwafin da suka ajiye wajen wani kamfanin daban. Ni ba ruwana da gida ko gajimare, tambayata ɗaya ce ga kowa: yaushe rabonka da ka dawo da bayanai daga kwafin ajiya ka ga sun buɗe? Mai Ɗakin Saba, amsa tsakaninka da Allah.

Mai Ɗakin Saba:
Malama kin kama ni. Muna yin kwafi duk dare, allo na nuna kore. Dawowa kam ban taɓa gwadawa ba tunda na karɓi sashen.

Malama Tsaro:
To ka gwada wannan makon, kafin ka taɓa komai. Sannan ka sa a ranka cewa tsaro a can raba shi aka yi. Kamfani zai tsare gini da injuna. Wanda ka ba izinin shiga, da rumbun da ka bari a buɗe ga duniya, da ma'aikacin da ya bar aiki amma asusunsa na nan da rai, duk naka ne. Amurka ta kafa tsarin FedRAMP a 2011 don a tantance tsaron kamfanin gajimare sau ɗaya hukumomi su amfana, amma takardar tantancewa ba ta gyara maka saitinka.

Kuma ka kula da rajistar abin da ke faruwa. A 2023 wasu masu kutse suka sami wani makullin sa hannu na Microsoft suka shiga akwatunan imel na jami'an Amurka, a Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗai sun kwashi saƙonni kusan 60,000. Ma'aikatar ce ta fara gano abin, saboda tana biyan kuɗin rajista mai zurfi da wasu ba su da ita. Bayan surutu ya yi yawa kamfanin ya faɗaɗa rajistar ga sauran kwastomomi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka duba me ke cikin kunshin da za a sayar muku, layi-layi.

Ɗan Gajimare:
Kun sa yallaɓai zai ji tsoro ya fasa. Ku tuna fa zama ma yana da nasa hatsarin. A Afrilun 2020 gwamnan New Jersey, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana cigiyar masu iya COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhaja, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoson korona. Yaren da aka ƙirƙiro tun 1959. A bar kaza cikin gashinta har sai yaushe?

Baba Injiniya:
Yanzu ka yi magana ɗana, kuma ban ce a zauna ba. Amma ka duba misalinka da kyau. Da sun ɗauki wannan tsarin yadda yake sun ajiye a gajimare, da waɗanda suka fahimci cikinsa sun ƙaru? Tsohuwar manhaja da aka gina don saba ɗaya ba ta koyon buɗewa don cunkoso saboda an sauya mata gida. Wata ma lasisinta a ɗaure yake da ɗan abin da ake soka wa a bayan injin, sai ka gaya mini ramin da za ka soka shi a gajimare. Wata kuma in ka raba ta da rumbun bayananta, ita a can shi a nan, allon da ke buɗewa nan take sai ya koma kana iya zuwa ka dawo bai gama ba, domin tana yi wa rumbun tambaya ɗari-ɗari kafin ta nuna shafi ɗaya. Irin waɗannan tare ake tashinsu ko a bar su tare.

Barista:
Akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma shi na fi gani yana kai hukumomi ƙasa: ƙofar fita. Kowa na tsara shiga. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su ne ake cajin kuɗi, haka manyan kamfanonin suka daɗe suna yi. A farkon 2024 Google da AWS da Microsoft suka ce sun yafe wannan kuɗin ga mai tattara kayansa zai bar su gaba ɗaya, da sharuɗɗa, kuma ba don Allah suka yi ba, dokar bayanai ta Tarayyar Turai ce ta matso. Amma kuɗin fita ƙaramin ɗauri ne. Babban shi ne ka gina komai da kayan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su, ma'aikatanka su ma shi kaɗai suka iya.

Tun ran gini tun ran zane. A rubuta a kwantiragi cewa bayanai na hukuma ne, a faɗi siffar da za a dawo da su, da kwana nawa, da wa'adin da za a ba ku in biya ya makara kafin a rufe. In ta hannun ɗan kwangila za ku shiga, babban asusun ya kasance da sunan hukuma. Na taɓa zama a kan wata rigima inda ɗan kwangila ya buɗe asusun da imel ɗinsa, aka saɓa kan biya, ya kashe waya. Hukuma guda tana roƙon mutum ɗaya kalmar sirrin kayanta.

Mai Bin Diddigi:
Kan batun kamfani ɗaya, ma'aikatar tsaron Amurka ta ba Microsoft kwangilar gajimare mai suna JEDI ta dala biliyan 10 a Oktoban 2019, Amazon ya garzaya kotu, aka yi ta ja har aka soke ta a Yulin 2021. Wadda ta maye gurbinta a Disambar 2022 raba ta aka yi tsakanin AWS da Google da Microsoft da Oracle.

Malama Tsaro:
Amma kar Mai Ɗakin Saba ya ji wannan ya ce zai riƙe gajimare huɗu da mutum biyar. Ɗaya ma sai sun yi da gaske. Ya zauna wajen ɗaya, ya ajiye kwafi a wani wuri daban, ya isa.

Hajiya Akanta:
Kuma a sa kuɗin horar da mutum biyar ɗin a kasafi tun yanzu, da kuɗin watannin da za ku riƙa biyan gida biyu, tsohon bai mutu ba sabon ya fara ci. Wannan ne kullum ake mantawa. In ba ku sa ranar kashe tsofaffin sabobi a rubuce ba, shekara uku za ku yi kuna ciyar da su saboda tsoro.

Kifin Rijiya:
Ni dai har yanzu albashi da haraji a gida nake son su. Amma na yarda a kai kwafi nesa, a kulle, makulli a hannunmu.

Baba Injiniya:
Malam Kifi ya fara leƙo bakin rijiya.

Mai Ɗakin Saba:
Na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa. Jerin ya tsaya a 44. Tara daga ciki babu wanda ya shiga tun bara, na rubuta a binne su, mutum ɗaya ne ya yi gardama kuma da na ce ya buɗe a gabana ya manta kalmar sirrin. Na gwada dawo da kwafin ajiya kamar yadda Malama ta ce. Na rajista ya buɗe. Na sashen ma'aikata fayil ne fanko, wata bakwai ana kwafe babu komai allo na nuna kore. Daren nan ban yi barci ba, amma an gyara.

Na kai wa shugaba takarda shafi uku: imel da shafin hukuma da manhajoji shida cikin wata taran, sauran a jere da dalilin kowacce, albashi a ƙarshe. Ya karanta, ya ce wa ya ce maka duka nake nufi. Na yi shiru.

Ita kuma KADA A KASHE, na kwafe ta na zare wayar ranar Talata ƙarfe goma. Goma da minti ashirin aka kira daga bakin ƙofa, na'urar da ma'aikata ke danna yatsa ta daina karɓar kowa. Ashe ita ke riƙe da rajistar zuwa aiki tana tura wa albashi. Na mayar da wayar da gudu. Baba, kamfanin da ya haɗa na'urar ya daɗe da rufewa, kuma manhajar ba ta tashi sai a kan wannan tsohuwar Windows ɗin. Wane rukuni zan sa ta?

Baba Injiniya:
Sa ta a na masu zama gida, ka raba ta da intanet, ka nemo injin irinta ka ajiye a gefe da kwafin a ciki. Sannan ka cire waccan takardar ka manna sabuwa mai faɗin abin da take yi, da sunanka, da kwanan wata.